Gem ɗin RPG da na dabarun yaƙi da har yau na kasa ajiyewa

Gaskiya ni dai gem in ba zai sa in tsaya in yi tunani kafin in danna ba, ba ya daɗewa a hannuna. Na buga na ƙwallo, na tsere, na harbe-harbe, duk suna da daɗinsu, amma waɗanda nake komawa kansu kala biyu ne, RPG inda za ka ɗau mutum ɗaya ka rayu da shi cikin labari, da na dabara inda kai ne mai ƙasa ko kwamandan runduna. Abin da nake nema a cikinsu ɗaya ne, in yanke shawara kuma shawarar ta biyo ni.

Bari in fara da tsohon hannu, Age of Empires II. Tun 1999 ya fito amma har yanzu in ka shiga onlayin ba ka rasa abokin karawa, musamman da aka sake gyara shi a 2019. Abu huɗu kawai kake tarawa, abinci, itace, zinare da dutse, da jin haka sai ka ce mai sauƙi ne, to shiga ka gani. Mutum zai tara sojoji yana jin kansa ya manta bai ci gaba da fitar da ma'aikata ba, kafin ya ankara ɗayan ya riga shi hawa zamani na uku cikin matakan ci gaban wasan ya turo mahaya sun watsa masa masu saran itace, shi kenan wasa ya ƙare tun ba a yi babban yaƙin ba. Masu mashi maganin dawakai, 'yan baka maganin masu mashi, dawakai kuma in suka cim ma 'yan baka sai tattakewa, wannan lissafin ba ya tsufa wallahi.

Civilization kuma bi da bi ake yi, ba gaggawa, shi ya sa ya fi cin dare, kana cewa zagaye ɗaya ya rage in kwanta sai ka ga gari ya waye. A jerin nasu na 5 wanda ya fito 2010 na fi so, don shi ya kawo dokar soja ɗaya a gida ɗaya, dole ka san inda za ka ajiye maharba da inda za ka tare mashigi, ba kawai ka cusa runduna waje guda ka tura ba. Na 6 ma ba laifi. Na 7 na 2025 ne ban gamsu da shi ba duk da na ji daɗin ganin Sarauniya Amina cikin shugabannin da ake zaɓa, matsalata shi ne a lokacin da ya fito duk zamani ya juya sai an sa ka canza al'umma, to ni kuma wadda na raina tun tana ƙauye ɗaya ita nake so in kai ƙarshe da ita.

Amma in ana maganar shawara mai ciwo XCOM 2 ne uban tafiya. 2016 ya fito, baƙin halittu sun riga sun ci duniya da yaƙi kai kuma kana jagorantar 'yan tawaye, sojoji huɗu zuwa shida kake fita da su mishan. Sojan da ya mutu ya mutu kenan, da sunan da ka sa masa da duk horon da ya sha, kuma gem ɗin zai nuna maka damar samun harbi kashi 90 cikin 100 ka danna ya kuskure, wanda aka kuskure ɗin ya juyo ya kashe maka likitan tawaga. Mutane da yawa suna jin haushin wannan suna cewa zalunci ne, ni kuwa a nan nake ganin darajarsa, don yana koya maka kada ka taɓa tsara abu a kan harbi ɗaya, ka tanadi gurneti, ka bar wani a baya yana gadi, ka san ta inda za ka janye. Akwai tsarin Ironman da ba ya barin ka koma inda ka adana wasan a baya, in ka iya wasan ka gwada shi a haka, zuciyarka za ta buga da gaske.

Ta ɓangaren RPG, Final Fantasy VII na 1997 mai faifai uku a PlayStation ta farko shi ya fara nuna min gem zai iya sa mutum alhini, girafik ɗinsa ya tsufa amma kiɗan da labarin suna nan daram. Sai dai The Witcher 3 na 2015, wanda wani kamfanin Poland CD Projekt Red ya yi, shi ne a sama a wajena. Faɗan cikinsa ba wani abin a zo a gani ba ne, dokin da kake hawa ma wani lokaci sai ya maƙale a shinge, amma rubutun labarin kai! Ɗauki mishan ɗin Bloody Baron, mutum ne yana neman matarsa da 'yarsa da suka ɓace, kana cikin tausaya masa sai ka gano mashayi ne mai dukan iyali, kana cikin tsanarsa kuma sai ka ga nadamar da ke cinsa, sannan wata shawara da ka yanke can cikin daji a kan wani ruhi sai bayan awanni ka ga abin da ta jawo wa mutanen da ba ka ma yi tunaninsu ba. Ba a rubuta maka wannan ne alheri wancan ne sharri, kai za ka auna. A kula dai ba na yara ba ne, akwai tsiraici da zubar jini sosai.

Skyrim na 2011 kam na san ana ƙaunarsa, ni ma na sha yawo a duwatsunsa, amma ka zama shugaban makarantar matsafa, shugaban ɓarayi, shugaban mayaƙa duk kai kaɗai kuma ba wanda ya ce maka kanzil, wannan yana rage min armashi. Baldur's Gate 3 na 2023 ya gyara wannan ɓangaren, ɗan lido mai fuska 20 ake jefawa a kan kusan duk abin da ka gwada, ko lallashi ko ɓalle makulli, in ka faɗi labarin ba ya tsayawa sai ya bi wata hanya, abokan tafiyarka ma in ka ɓata musu za su iya barinka. Nauyi ne da shi dai, ya haura giga 100, kuma kashi na uku na labarin yana wahalar da ƙaramar kwamfuta.

Biyu ne suka haɗa min duka kalolin a waje ɗaya. Crusader Kings III na 2020, ka fara daga shekarar 867 ko 1066 ko 1178, zuri'a kake riƙewa, ka sha wahalar haɗa daula sarkinka ya mutu 'ya'ya su raba ta, ka koma kana lallaɓa ɗan'uwanka da aure da kyauta. Sai Mount & Blade: Warband na 2010 daga Turkiyya, ka fara kai kaɗai da doki, ka bi ƙauyuka kana ɗibar samari, duk sati sai ka biya su albashi ko su fara guduwa, in an zo yaƙi kuma kana tsakiyar fili da takobi kana ba da umarni. Girafik ɗinsa ba kyau, na yarda, amma tsohuwar laftof ma tana ɗaukarsa.

Waɗanda ba na iya jurewa su ne na waya masu kiran kansu na dabara, ka danna gini a ce jira awa takwas ko ka biya, wanda ya fi zuba kuɗi shi ke cin yaƙi, ina dabarar take a nan? Wanda bai taɓa buga RPG ko na dabara ba kuma na'urarsa ba ta da ƙarfi, ya fara da Warband ko Civilization na 5, in kuma tana da ƙarfi ya tafi Witcher 3 kai tsaye, kada ya tsallake ƙananan mishan na gefe.