Bodin amalanke mai cirewa: na sanduna, na katako ko na ƙarfe?

Amalanke ɗaya ne a gida, amma aikinsa ya fi a ƙirga. Da bazara taki yake kaiwa gona, da damina gangar ruwa da buhunan takin zamani, ranar kasuwa hatsi da mutane, da kaka kuma sai harawa da kara da karmami. Kayan nan ba halinsu ɗaya ba. Yashin da zai cika akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe ya kai wajen tan ɗaya da rabi, amma busasshiyar harawar da za ta cika wannan akwatin ba ta kai kilo 100 ba. Don haka a lokacin kwasar harawa, tun shanu ba su san sun ɗauki kaya ba wuri ya ƙare a kan gadon amalanken, wato shimfiɗar da ake ɗora kaya. Shi ya sa ake son bodi mai tsayi, wato shingen da ake kafawa kewaye da gadon don ya tare kaya. Shi ya sa kuma bai kamata a walde shi dindindin ba, domin ranar da za ka loda buhunan gero ko ka mirgina ganga, wannan bodin ne zai tare maka hanya.

Wani zai ce ai igiya ta wadatar, da ita aka saba. Gaskiya ne, kuma gwanin lodi yana iya gina harawa ta yi tsiri ba tare da ko sanda ɗaya ba. Sai dai amfanin harawa a ganye yake, ba a jijiya ba. Duk lokacin da aka taka dami da ƙafa aka ja igiya har ta nutse, ganyen ne ke marmashewa yana bin hanya. Mai kiwon ragon layya da zai saya a hannunka watanni masu zuwa, ganyen zai fara dubawa kafin ya taya. Idan da bodi, igiya biyu a sama sun isa, ba sai an shaƙe kayan ba.

Mafi arha shi ne na sanduna. Ka sassabe darbejiyar ƙofar gida, ka zaɓi miƙaƙƙun rassa masu kaurin damtse, ka ɓare, ka bar su su sha iska, sannan a kafa su a gefen gado a ɗaɗɗaure na kwance da igiya ko robar tsohon tub. Gara ba ta cika son darbejiya ba. Sandar turare ta fi ta miƙewa amma tana tsagewa in ta bushe, gora kuma ba ta da nauyi ko kaɗan, sai dai ba ta jure kusa, kuma ƙwaro yana cin ta daga ciki. Marke da ƙirya sun fi duka ƙarko, to amma sun yi wuya yanzu, kuma saran su yana iya haɗa ka da jami'an gandun daji. Wanda gonarsa ke bayan gari, kwasarsa ba ta wuce 'yan kwanaki ba, wannan ya ishe shi. Aibinsa ɗaya ne: ba ya cirowa ɗungurungum. Kowace kaka sai an sake zaman ɗauri, rabin sandunan kuma an riga an hura wuta da su.

Na katako shi ne tsaka-tsaki, kuma a nan ake yawan cutar mai saye. In ka je 'yan katako, ko Na'ibawa ne a Kano ko kasuwar garinku, za a nuna maka fari da ja. Farin katako ya fi sauƙin kuɗi da sauƙin ɗauka, amma bai dace da ginshiƙi ba, domin a gindi yake karyewa, daidai inda duk ƙarfin kaya yake taruwa. Ka sa ginshiƙai su zama na jan katako, mai inci biyu-da-huɗu ko aƙalla biyu-da-uku, farin kuma a yi na kwance da shi. Ka ɗaga kowane ɗaya ka saita idonka daga wannan baki zuwa wancan. Wanda ya karkace ko yake da ƙulli kusa da ƙarshensa, ajiye shi. Wanda ka ji ya yi nauyi fiye da 'yan uwansa kuma yana da sanyi a hannu, ɗanye ne, zai lanƙwashe da zarar hunturu ya bugo.

Sannan ka ce wa kafinta da noti kake so, ba da kusa ba. Girgizar hanya tana zare kusa a hankali, wannan kowa ya sani. Abin da ba kowa yake tunawa ba shi ne inda kusar take faɗawa: cikin harawa. Saniya ba ta tsince-tsince, da harshe take naɗe abinci ta haɗiye. Kusa ko guntun waya in ya shiga cikinta yana iya huda tumbi, wani lokaci har ya kai ga zuciya, sai ka ga dabba tana ramewa ba a san dalili ba sai bayan an yanka. Kuɗin noti goma sha bai kai ko kusa da kuɗin bijimi ɗaya ba. Saboda wannan dalilin ne ma ba na son a ɗaure sanduna da wayar gini.

Sai na ƙarfe, wanda yawancin mutane ke ganin shi ne ƙarshen magana. Yana da ƙarko, babu ruwansa da gara, in ya karye kuma kowane mai walda zai gyara. Amma a yi lissafi tukuna. Mu ɗauka gadonka tsawonsa mita 2, faɗinsa mita 1.5, kana son bodi mai tsayin mita ɗaya da layi uku na kwance. Gefuna biyu da gaba da baya, har da ginshiƙansu, za su ci ƙarfe wajen mita 33, wato kusan tsayi shida in ana sayar da shi mita shida-shida. In da ƙarfen kwana aka yi, mai faɗin milimita 40 da kaurin milimita 4, kowace mita tana da nauyin kilo 2.4, jimla kusan kilo 80. Ya fi buhun siminti ɗaya da rabi, kuma shanu za su ja shi zuwa da dawowa, ko da kaya ko babu. Gefe ɗaya kaɗai ya haura kilo 20. Yaron da kake turawa gona ba zai cire shi shi kaɗai ba, daga nan sai a daina cirewa, an koma gidan jiya. In kuwa da bututu mai kusurwa huɗu aka yi, na milimita 25 mai kaurin 1.5, nauyin duka wajen kilo 36 ne. Ga mai amalanken jaki, wanda kayansa bai kamata su wuce rabin na shanu ba, wannan bambancin ba ƙarami ba ne.

Bututun ma yana da nasa. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna za ka tarar da masu kama ɗaya a ido amma kaurinsu ya bambanta, kuma marar kaurin shi mai walda zai sayo in ka ba shi jinga ba ka faɗi kauri ba. Wuta tana huda shi wajen walda, sai a toshe ramin a shafe da fenti. Ruwa kuma in ya shiga ciki bai sami mafita ba, tsatsa daga ciki take ci, waje yana ƙyalli. Ka sa a toshe bakin sama, a bar ƙaramar huda a ƙasa.

In shawarata za a bi, haɗin gambiza ya fi: gidajen ginshiƙi na ƙarfe a jikin gado, bodin kansa kuwa na katako ko na bututu marar nauyi. Gidan nan, wato ɗan aljihun ƙarfen da ake zura ginshiƙi a ciki, shi ne wurin da bai kamata a yi rowa ba. Ginshiƙi mai tsayin mita ɗaya da kaya suka jingina da kansa, ƙarfin da yake matsa gindinsa da shi ya ninka sau da yawa, kamar yadda doguwar sanda ke ɓamɓare dutse. Aljihu mai zurfin yatsa uku zai wage baki tun a kakar farko. A ba shi zurfin kusan taƙi ɗaya, a yi shi da ƙarfe mai kauri, a walde shi da ƙashin gado, ba da falankin da aka shimfiɗa a kai ba. Ƙasansa a buɗe, da ɗan guntun rodi a gicciye don tare ginshiƙi, yadda ƙasa da ruwa za su zube. Masu ƙera tirelar gona a Amurka ma haka suke yi, suna auna aljihun daidai da katakon biyu-da-huɗu, don duk ranar da ginshiƙi ya karye a sayo wani a zura. Mu ma a auna da katakon da ake samu a kasuwarmu, amma a bar ɗan sarari, domin itacen da ya shige salin-alin a watan Disamba zai kumbura ya ƙi fita a watan Agusta. Gindin ginshiƙin kaɗai za a shafa wa baƙin mai, ba inda harawa za ta taɓa ba.

Akwai abin da masu saye ke mantawa: ɓangaren gaba na bodin ya fi na gefe muhimmanci. Amalanke mai taya biyu a kan ma'auni yake. In kaya suka zame gaba a gangara, wuyan shanu suke dannewa. In suka koma baya a hawa, karkiya ce ke ɗagawa ta shaƙe su. Na gaba ya zama ya fi sauran tsayi da ƙarfi, kuma a haɗe shi da gefunan da ƙugiya ko sakata a kowace kusurwa, domin ɓangarori huɗun nan juna suke riƙewa. Sakatar a ɗaure ta da 'yar sarƙa. Wasu suna son gefunan su buɗe waje ta sama don su ƙara cin kaya, kuma suna ƙarawa sosai, amma ka auna ƙofar da za ka shiga da faɗin burtalinku kafin ka yarda. Tsayi kuma in ya wuce ƙirjin mutumin da ke tsaye a kan gado, taya ɗaya ta faɗa kwazazzabo kayan na iya kifewa.

Ranar karɓa kada ka tsaya duba fenti. Ka nemi guduma ka ɗan bubbuga inda aka yi walda. In ɓawo ya zube ka ga ɗigo-ɗigo da ramuka a ƙarƙashi, an liƙa ne kawai. Ka kama kan ginshiƙi ka ja shi waje da ƙarfinka kana kallon aljihun. Sannan ka cire kowane ɓangare da kanka, ka mayar. Mai walda zai ce, "Haba Alhaji, ai da an yi sawu biyu zai saki." Ka ce masa, "Malam, ya saki a nan gabanka, guduma tana kusa." Abin da ya ƙi fita a bakin shago ba zai fita a gona ba.

Kada ka kai awo a takarda, ka kai amalanken kansa. Yawancinsu da tsohon aksil ɗin mota aka haɗa su, kowanne da faɗinsa, kuma da wuya ka sami gadon da kusurwoyinsa suka daidaita. Saboda haka ɓangaren dama ba lallai ya shiga hagu ba. A sa wa kowanne alama da fenti tun a wurin. Ka kai aikin tun wake yana fure, kafin masu walda su cika da gyaran kaka su yi maka na gaggawa. In an gama kwasa kuma, a jingina ɓangarorin a rumfa a kan duwatsu ko bulo, kada gindinsu ya taɓa ƙasa.