Digiri na Biyu a Ilimin Zamantakewa a Jidda: Wa Zai Amfana?

Jami'ar Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, wadda aka kafa a 1967, tana da sashen ilimin zamantakewa da hidimar jama'a, kuma ɗalibai Hausawa da dama, haifaffun ƙasar nan ta Saudiyya da waɗanda suka zo da tallafin karatu, sukan tambaya ko majistir, wato digiri na biyu, na fannin ya cancanci shekarun da za a ba shi. A ganina ya cancanta, amma amfaninsa bai zo daidai ga kowa ba.

Abin da ya fi daraja a karatun shi ne horo kan hanyoyin bincike: tsara takardar tambayoyi, zaɓen mutanen da za a tambaya, tantance alƙaluma da manhajar SPSS, sannan rubuta kundin da za a kare a gaban malamai. Wanda ya ƙware a nan yana da abin sayarwa a kasuwar aiki, domin Burin 2030, shirin raya ƙasa na Saudiyya da aka ƙaddamar a 2016, ya ƙudurta ɗaga gudummawar ƙungiyoyin da ba na neman riba ba daga ƙasa da kashi 1 zuwa kashi 5 cikin ɗari na tattalin arzikin ƙasa, kuma irin waɗannan ƙungiyoyi suna bukatar mai iya auna tasirin ayyukansu. Bahaushe kuwa yana da wata dama ta daban, tunda zai iya zama da dattawan da rusau ya tasa daga unguwannin Karantina da Sabil na Jidda ya ji bayaninsu da harshensu, abin da abokan karatunsa da yawa ba za su iya ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne takardun zama. Bahaushen da ke da shaidar ɗan ƙasa zai iya neman aikin jami'in kula da jin daɗin jama'a a asibiti, bayan Hukumar Ƙwararrun Ma'aikatan Lafiya ta tantance shi, ko ya nemi koyarwa a jami'a. Mai iƙama kuwa, wato baƙon da ke da takardar izinin zama kawai, tsarin Niɗaƙat da aka fara a 2011 da sauran dokokin fifita 'yan ƙasa sun taƙaita masa ƙofofi ƙwarai, saboda haka ya kyautu ya shiga karatun da niyyar koyarwa a Kano ko Yamai, ko wucewa zuwa digiri na uku.

Da Larabci ake karantarwa, alhali ƙungiyoyin agaji na duniya galibi da Turanci ko Faransanci suke rubuta rahoto. Duk mai niyyar komawa gida ya haɗa karatun da koyon ɗayansu tun daga zangon farko, ya kuma bincika sharuɗɗan tantance takardun ƙasashen waje a ma'aikatar ilimin ƙasarsu kafin ya cike fom.