Magi ko daudawa a miyar mai ciwon sukari?

Ƴar'uwa da ta yi tambaya daga nan Tawa, Allah ya ba Inna lafiya. Kin ce likita ya same ta da ciwon sukari, gida kuma ya rabu biyu: wasu sun ce a bar magi a koma daudawa, wasu sun ce ai magi ba zaƙi gare shi ba, mene ne laifinsa?

Masu maganar zaƙi da gaskiyarsu. Dunƙule ɗaya ko biyu a tukunyar gida ba shi zai ɗaga sukarin Inna ba. Wannan aikin malmalar tuwo ne, da shinkafa da burodi da furar da aka zuba wa sukari. Laifin magi gishiri. Kusan rabin dunƙulen, wani ma fiye, gishiri ne zalla, ga sinadarin ƙara armashi wanda shi ma sodiyam ne a cikinsa, wato sinadarin nan na gishiri mai jawo hawan jini. Ciwon sukari kuwa sau da yawa tare yake tafiya da hawan jini, su biyun kuma ƙoda suke ci, da ido da zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, kamar cokalin shayi ɗaya ke nan, har da na burodi da na yaji. To dubi hannunmu a bakin murhu: a murtsuke dunƙule uku, a barbaɗa gishiri, a ɗiga arom, wato magin ruwa, in kuɓewa ce a jefa kanwa, ita ma sodiyam ce. Kafin tuwo ya sauka an wuce ƙa'ida.

Daudawa fa? Ta kalwa ƴaƴan ɗorawa ne aka dafa, aka surfe, aka rufe kwanaki har suka nuna. Ta batso kuma daga gurguzu ake yin ta. Ɗanɗanon nan mai kama harshe daga nunar yake fitowa, ba daga gishiri ba, ga shi tana ɗan gina jiki. Sai dai a yi hattara: wasu masu sayarwa suna sa mata gishiri don ta jima, ta batso kuma akan haɗa ta da ruwan toka ko kanwa. Ki daka ta, ki bari ta dahu sosai cikin miya, ki ɗanɗana, sannan ki ga ko akwai buƙatar gishiri. Ɗan wanda za ki sa ya zama mai aidin. Yara za su yi ƙorafin warin daudawa, wannan kam ba makawa, amma albasa ta soyu da kyau tana danne shi.

A ganina daudawa ce za ta riƙe tukunya. In dole sai magi, rabin dunƙule ya isa, kuma ranar da ya shiga gishiri ya huta. Kada a ware wa Inna ƴar tukunyarta salam, ba za ta jure ba, a ɓoye za ta nemi ta mutane. A rage wa kowa sannu a hankali, harshe zai saba cikin ƴan makonni.

Mu da albasar Galmi ke ƙofar gidanmu ba mu da uzuri. Ga gabu, tafarnuwa, citta, masoro, kimba, kanumfari, barkono, a matsa lemun tsami bayan an sauke. Yajin mai tsire ne abin tsoro, don ƙuli-ƙulin nan da magi da gishiri aka daka shi, gara ki daka naki. Kecap akwai sukari a cikinsa, mayonez kuwa yawancinsa mai ne.

Kirfa da hulba da ake ta yayatawa a WhatsApp, a sa su don ƙamshi ba laifi, amma kada Inna ta ajiye maganin likita dominsu. In kuma wani ya kawo gishirin kanti mai potasiyam, ki tambayi likita tukuna, don bai dace da mai matsalar ƙoda ba.