Gina gida a Marwa: rancen banki ko adashi?

Mai son ya mallaki gidan kansa a Marwa ko Garwa hanya biyu ce a gabansa. Ta farko Crédit Foncier du Cameroun, bankin da gwamnati ta kafa a 1977 don ba da rancen gidaje. Kuɗin na fitowa da kauri, ana biya cikin shekaru, mutum ya gama gini ya tare tun da sauran ƙarfinsa. Amma banki na neman takardar mallakar fili ta hukuma, da shaidar kuɗin shiga na yau da kullum. Filayen unguwanninmu kuwa da yawa gado ne, ko an saye su gaban lawan da shaidu. Tela da mai sayar da albasa ina za su samo takardar albashi? Ga kuɗin ruwa, wanda mutane da dama ke gudu saboda addini.

Adashi ba ya tambayar takarda, amana ce jarinsa, kuma babu ruwa a kai. Sai dai kwasa ɗaya ba ta gina gida. Bana bulo, baɗi kwano. Kafin zagaye ya dawo siminti ya yi tsada, ko damina ta ci katangar da ba a rufe ba.

Ga ma'aikaci mai takardar fili, banki ya fi sauri nesa ba kusa ba. Abin da ke damuna shi ne sauran jama'a: muddin samun takardar nan na cin kuɗi da dogon jira, rancen ba zai iso gare su ba.