Switch 2 ko PS5: amsa ga mai tambayar ko ya jira

A 2025, kafin Switch 2 ta fito, wani ɗan'uwa a zauren nan ya ce ya tara kuɗin na'urar gem ta PlayStation 5 (PS5), sai ga labarin kamfanin Nintendo za su fitar da tasu na'urar, Switch 2, ranar 5 ga Yunin 2025. Yana tambaya: ya riƙe kuɗinsa ya jira, ko ya je ya ɗauko PS5 ɗin? Ya ƙara da cewa gem ɗin ƙwallo ya fi bugawa, shi da abokansa, kuma unguwarsu wuta sai an ga dama.

Ga amsar da na ba shi a lokacin. Ɗan'uwa, bayanin da ka ƙara ya ja amsar gida biyu. Ƙwallo na jan ka wajen PS5, rashin wuta na jan ka wajen Switch 2.

Farashin na'urar kanta ba zai raba gardama ba. A Amurka farashin da aka sa wa Switch 2 na fitowarta a 2025 dala 450 ne, in an haɗa maka da Mario Kart World kuma 500. PS5 kuma a farkon 2025, marar faifai 450, mai faifai 500. Da dala ta haura naira 1,500 a 2025, kowacce ka ɗauka kana maganar kusan dubu 700 ne kafin kuɗin jirgi, kwastan da ribar ɗan kasuwa. Inda suka bambanta shi ne PS5 tun Nuwamban 2020 take kasuwa, don haka akwai ta hannu mai lafiya, ka gwada a gabanka, ka taya a rage maka. Switch 2 kuwa a watannin farko mai kaya ne zai yanka maka farashi. Wanda ya ga fitowar PS5 ya san yadda ake yi: ƙarancin kayan haɗi ya sa ta yi wuyar samu kusan shekara biyu, 'yan kasuwa suka riƙa saye suna ninka kuɗi. Ita ma Switch 2 tun ba ta fito ba an ɗage karɓar oda a Amurka daga 9 zuwa 24 ga Afrilu saboda harajin da Trump ya ƙaƙaba wa kayan waje.

Batun wuta, nan Nintendo suka yi zarra, babu musu. PS5 in tana cikin wasa tana jan wajen wat 200, ban da talabijin. Ƙaramar inbata ba za ta daɗe da ita ba, inji kuma ka san kuɗin mai. Ana ɗauke wuta allo ya mutu, kana cin mutum biyu da nema ko a'a. Switch 2 allonta a jikinta yake, inci 7.9, kuma Nintendo sun ce batirinta na kaiwa awa 2 zuwa 6 da rabi, gwargwadon nauyin wasan. Ka ɗauki awa biyun nan a matsayin gaskiyar manyan wasanni. Duk da haka abu ne da ƙaramar sola za ta yi wa caji, ka kuma jefa a jaka in za ka hau mota zuwa Abuja. In ka zaunar da ita a mazauninta ta koma ta talabijin, har 4K tana fitarwa.

To amma me za ka buga a kai? Nan ne nake ganin hankalinka ya kamata ya tsaya. Kamfanin EA sun ce wasansu na ƙwallo, FC (wanda a da ake kira FIFA), zai zo Switch 2, sai dai tarihi bai ba da ƙwarin gwiwa ba. A tsohuwar Switch shekara da shekaru ana sayar wa mutane FIFA iri ɗaya, a sauya sunayen 'yan wasa da riguna kawai, sai a FC 24 aka gyara. eFootball kuwa, magajin PES ɗin da da yawanmu muka taso da shi a gidajen gem, babu shi a Switch a 2025, alhali a PS5 kyauta ake sauke shi. Ga kuma wasan GTA VI da aka ɗage zuwa 2026, wanda PS5 da Xbox Series kaɗai aka ambata masa. Ƙarfin Nintendo yana wajen Mario, Zelda da Pokémon, wasanni masu kyau ƙwarai, musamman a gidan da yara suke. Amma ban ga majalisar da za a kwana ana gardama a kan wa ya ci wa a tseren Mario ba.

Akwai kuɗin da ba a lissafawa sai an sayi na'ura. Mario Kart World shi kaɗai dala 80 ne, kuma Nintendo ba su cika karya farashin wasanninsu ba ko sun tsufa. A PS5 mai faifai za ka ari faifai wajen aboki, ka yi musanye, ka sayi na hannu, sannan kusan duk faifan PS4 suna aiki a cikinta. Switch 2 ma tana karɓar yawancin wasannin tsohuwar Switch, amma wannan ribar mai tsohuwar ce, kai ba ka da ita. Ka kuma lura da wani sabon salo: wasu katunan Switch 2, irin na Street Fighter 6, babu wasan a ciki. Mabuɗi ne kawai, sai ka hau intanet ka sauke wasan gaba ɗaya da datarka. Ma'ajiyarta gigabait 256 ce, ta sabuwar PS5 mai faifai terabait 1, kuma tsohon memorin wayarka ba zai yi mata ba, sai microSD Express.

Gyara ma abin dubawa ne. Fad ɗin PS5, wato abin da ake riƙewa a buga wasa, in sandarsa ta fara tafiya da kanta, ba za ka rasa mai canza ta ba a manyan kasuwannin waya irin Farm Centre ta Kano. Sabuwar na'ura sai masu gyara sun koye ta, kayanta sun iso.

Ni dai, a yadda ka bayyana kanka, PS5 mai faifai zan ce ka ɗauka, ka sayi fad na biyu, abin da ya rage ka soma tarin batir da inbata mai ɗan ƙarfi. In kuwa zuciyarka ta riga ta tafi wajen Switch 2 saboda wutar, ka bari sai bayan sabon FC ya fito a ƙarshen Satumban 2025 kamar yadda aka saba, ka kalli yadda yake gudu a kanta, lokacin kuma 'yan Dubai sun cika kasuwa da ita farashi ya sauko.