Canjoba mai aiki da kansa, 63A: wata huɗu lafiya, dare ɗaya ya ci AVR

Akwatin nan dai kun san shi, fari mai ƙyaure, da fitilu biyu a goshi, ja na wutar gari, kore na janareta, an rubuta 63A ɓaro-ɓaro a gefe, wato wai zai iya ɗaukar nauyin wuta har am 63. Shi ake ta yayi yanzu a shagunan kayan wuta, wai ka huta da tashi tsakar dare jan canjoba. An ɗaura shi a gida mai fes ɗaya, wato layin wuta ɗaya ke shigo masa, da janareta 5kVA, kuma wata huɗun farko ban da abin cewa. A ɗauke wuta, ka tada inji, ka ji ƙas, gida ya haska. A dawo da ita, ya jira lokacin da aka saita masa, ya mayar da gida kan layi, ya kashe injin da kansa. Wannan jiran ya fi komai burge ni, domin kwamfiresan firiza ba ya son a katse shi a sake tada shi nan take, sai ya huta kamar minti 3. Da a lokacin na rubuta sharhin nan, da yabo zalla za ku karanta.

Sai aka shiga zafi, kowa ya kunna abin da yake da shi, taransfomar unguwa ta yi nauyi. Wutar da ya kamata ta zo a bolt 230 ta riƙa zuwa 150 zuwa 160 daga magariba, irin wadda fanka ke juyawa kamar an roƙe ta. A nan asirin akwatin ya tonu. Cikinsa kontakta biyu ne, wato maɓallan da maganaɗisun lantarki ke ja su haɗa wuta, ɗaya na layi ɗaya na inji, kuma koyil ɗin kontakta, naɗin wayar da ke yin jan, sai ya sami aƙalla kashi 85 cikin 100 na ƙarfin da aka rubuta masa kafin ya ja ya riƙe da kyau, wato wajen bolt 195. Ƙasa da haka sai ya ja ya saki, ya ja ya saki, ka riƙa jin tar-tar-tar kamar keken ɗinki. Kowane saki tartsatsi ne a bakin ƙarfen da ke haɗuwa. Ana cikin haka bakin layif, wayar da ke kawo wutar, ya narke ya manne a kontaktan layi, kamar an yi masa walda. Daga waje babu abin da zai nuna maka, fitilar goshi tana aikinta yadda ta saba.

Da aka ɗauke wutar a daren aka tada inji, kontaktan janareta ya shiga alhali na layi bai fita ba. Injin ya yi wani irin gurnani ya durƙusa, ƙwayayen maƙwabta suka yi ja na ɗan lokaci, domin wutarsa ta bi mita ta fita waje tana neman ɗaukar duk gidajen da ke kan fes ɗin. Birekar jikin injin ta faɗi. Aka mayar da ita sau biyu, wanda kuskure ne babba, bireka ba ta faɗuwa don nishaɗi. A na uku sai ƙaurin roba, AVR, na'urar da ke daidaita ƙarfin wutar da injin ke fitarwa, ya tafi.

AVR kam ana saye a canja. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne inda wutar ta nufa. Taransfoma ba ta san gaba da baya ba: yadda take sauke bolt 11,000 zuwa 415 don gidaje, haka za ta ɗaga wutar ɗan injinka zuwa dubbai in ta shigo mata ta ƙasa. Ma'aikacin da ya hau fal-waya da tabbacin an kashe layi, daƙiƙa ɗaya ta ishe shi. Aikin canjoba na farko ke nan, ya hana wuta biyu haɗuwa ko ta halin ƙaƙa, sauran duk ƙyale-ƙyale ne. Wannan akwati kuwa a nan ya faɗi.

Da aka buɗe shi aka bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, dalilin ya fito fili. Babu makullin da ke shiga tsakanin kontakta biyu, ɗan abin nan da masu sana'a ke kira intalok, wanda in ɗaya ya shiga sai ya tokare ɗayan ya hana shi motsi. Wata 'yar rile, ƙaramin maɓalli mai aiki da wuta, ce kawai aka sa tana duba ko akwai wuta a layi. In babu, sai ta ba koyil ɗin inji hanya. Ba ruwanta da ko kontaktan layi ya buɗe da gaske. Gwajinsa ba wuya, kuma a kan kantar mai shago ake yi kafin a biya, ba tare da wuta ba: sa sukundireba ka danna kontakta ɗaya ka riƙe, ka danna ɗayan. In duka biyun suka nutsa tare, ajiye masa kayansa.

In za a yi adalci, ba duka laifin ne nasa ba. Ko kontakta mai tsada ka sa wa bolt 155 zai yi rawar ɗari. Maganinsa ɗan na'urar kariyar nan mai nuna lamba, wadda ake ɗaurawa a jerin birekoki kafin wuta ta isa canjoba. A saita ƙasa a bolt 195, sama a 250, jinkirin dawowa minti 3. Wuta ta yi ƙasa, sai ta yanke gaba ɗaya, koyil bai ma ga wahalar ba. Da ita, da sabbin kontakta biyu masu intalok a tsakani, akwatin ya koma aiki sumul, yanzu wata na biyu ke nan ba ƙara ba zafi. Har na fara tunanin in ce ku saya, ku ƙara waɗannan biyun.

Amma da na sake kallon tsofaffin kayan da aka cire, sai raina ya sake ɓaci. Layif kaɗai akwatin ke canjawa. Nutural, wayar da wuta ke komawa ta cikinta, na layi da na inji da na gida duk an tara su a kan ƙarfe ɗaya, ga shi kontaktan yana da baki huɗu, sauran suna zaune ba aikin fari. A fes ɗaya waya biyu ake yankewa, a fes uku waya huɗu. Da an raba nutural, ko da layif ya manne, wataƙila hanyar fita waje ba za ta cika yadda ta cika a daren nan ba. Sannan wayar da aka yi haɗin ciki da ita 4mm ce. Wannan za ta ɗauki ɓangaren inji, tunda 5kVA a bolt 230 bai wuce am 22 ba, amma a ɓangaren layi, inda ake jona dutsen guga da hita da injin tura ruwa lokaci guda, iyakarta wajen am 32. Am 63 na gaskiya 16mm yake so. Robar wayar har ta yi baƙi ta bushe a bakin kusoshi. Su kansu ƙarafan da ake ɗaure wayar a kai, da aka kara musu maganaɗisu sai ya manne: baƙin ƙarfe ne aka shafa wa launin jan ƙarfe. To ina 63A ɗin? A jikin sitika kawai. Wurin ɗaura wayar at, wadda ke zubar da wuta ƙasa don kariya, ma babu, sai da aka huda akwatin aka sa ƙusa aka kai ta ga sandar da ke binne a ƙasa.

Wani abin kuma, wayar kashe inji da ya zo da ita gajeriya ce, mita 3, kamar ana gayyatar mutum ya ajiye janareta a zaure ko ƙarƙashin taga. Kada ku yarda. Ku ƙara waya, injin ya zauna a fili aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, salansa tana kallon waje, domin gubar da ke cikin hayaƙin ba ta da wari, a barci take ɗaukar mutane.

Wanda unguwarsu ke fama da ƙarancin ƙarfin wuta, ya tsaya kan canjoban hannu mai am 100, na sama, tsakiya, ƙasa. Wuƙarsa ba za ta taɓa zama wuri biyu ba. A kashe kayan nauyi, a tada inji ya yi minti ɗaya ya daidaita, a ja hannu, sannan a kunna kaya ɗaya-ɗaya. Wannan fari mai fitila biyu kuwa, in an lissafa kontakta biyu, intalok, na'urar kariya, sabuwar waya, AVR da ladan mai gyara, abin da ya rage na asali a cikinsa akwatin ne da taima mai jiran nan da fitilun goshi. Tauraro biyu na ba shi, ɗaya na taimar ne.