Kafin ka sayi tifar taki: na turke, na juji ko baƙar lakar kwata?

Tsadar buhun takin zamani ta sa masu lambu da yawa a kewayen Katsina sun koma sayen taki a tifa ko a amalanke. Uku ne aka fi kawo mana: na turke, na juji, sai baƙar lakar da ake yasowa daga kwata da ramin masai. Ta ukun ce ta fi araha, kuma ita ce ta fi damuna.

Ba zan ɓoye ba, lakar nan tana da ƙarfi. Ka zuba ta a jigawa irin tamu, bayan 'yan makonni ganyen ya yi kore shar. Matsalar tana cikin abin da ido ba ya gani. Kwatar gari takan kwaso baƙin mai daga gareji, ragowar fenti, ruwan batir da na rini, kuma a cikinsu akwai dalma da kadmiyam da tagulla. Ƙwayoyin cuta suna raguwa idan lakar ta daɗe a rana, amma waɗannan ƙarafa ba sa ruɓewa. Yawanci suna maƙalewa a saman ƙasa, daidai zurfin da garma ke juyawa, kamar santimita 20, su yi shekaru suna taruwa.

Halinsu ma ba ɗaya ba ne. Dalma zama take yi, ta bi ƙura, ta manne a jikin karas da ganyen da ke kusa da ƙasa. Kadmiyam kuwa shiga cikin shuka yake yi, musamman latas da alayyafo, wanki ba ya fitar da shi, a jikin mutum kuma ƙoda yake taɓawa. Ƙasa mai yumɓu tana riƙe su da kyau, mai rairayi ba ta iyawa sosai. Idan ƙasa ta yi tsami, kamar yadda yawan zuba yuriya shekara da shekaru ke jawowa, sai ta saki abin da ta riƙe, saiwa ta sha. Duk wanda ya tuna Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara kusan 400, ba zai raina ta ba.

Takin juji sai an duba. Na taɓa tsoma hannu a wani da aka sauke mini, na ciro fasassun baturan tocila har biyu da guntun waya da ta ƙone. Jujin ƙauye mai toka da kara da kashin awaki daban yake da na bayan kasuwa ko layin makanikai.

Na turke, wato kashin shanu da tumaki, shi nake fifitawa a lambu, ko da kuɗinsa ya ɗara, in dai ya ruɓe. Kashin kaji ma yana yi, sai dai ɗanyensa yana ƙona shuka.

Idan dole sai lakar, tambayi direba unguwar da aka yaso ta. Ta gidaje zalla ta fi ƙarancin haɗari, a kai ta gindin darbejiya ko itacen turare, nesa da rijiya, kada ta kusanci fangalin ganye. Gonar da ta daɗe tana shan ta kuwa, a ɗebi ƙasarta a kai ɗakin gwaji na jami'a, a ce a auna tsami da dalma da kadmiyam kafin a sake shuka latas.